Tambayoyi da Amsoshi kan Koyar da Ɗalibai Karanta Giraf da Gane Alaƙar Abubuwa Masu Canzawa

Waɗannan tambayoyi ne da malaman lissafi da na kimiyya da na labarin ƙasa a makarantun Sakkwato suke yawan yi wa juna, tare da wasu da iyaye da ɗaliban koyon malanta sukan kawo. Dukkansu suna komawa ne ga matsala guda da ke bayyana a kowane zangon karatu: ɗalibi ya iya sa ɗigogi a takardar giraf, ya haɗa su da rula tsaf, amma idan aka ce ya faɗi abin da zanen yake nufi sai ya yi shiru. Amsoshin an rubuta su ne domin malamin babban firamare da na sakandare wanda ke aiki da allo da alli da ajin da ya cika.

Me ake nufi idan an ce ɗalibi ya iya karanta giraf?

Giraf hanya ce ta nuna yadda wani abu yake tafiya tare da wani, saboda haka wanda ya iya karanta shi shi ne wanda zai dubi zanen ya faɗi wannan tafiyar da bakinsa, cikin cikakkiyar jimla, ba tare da an ja shi ba. Wata masaniyar koyar da lissafi a Amurka, Frances Curcio, ta kasa wannan ƙwarewa gida uku a ƙarshen shekarun 1980, kuma rabon nata yana da amfani ga duk mai tsara darasi. Mataki na farko shi ne ɗauko abin da yake rubuce a fili, na biyu kwatanta sassan zanen da juna, na uku kuwa amfani da zanen wajen faɗin abin da ba a rubuta ba.

A ɗauki giraf na ruwan saman da ake samu a Sakkwato wata-wata. Ɗalibin da ya nuna cewa sandar Agusta ta fi sauran tsawo yana mataki na farko. Wanda ya lura cewa mafi yawan ruwan shekara yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba, kuma daga Nuwamba zuwa Maris kusan babu komai, ya shiga na biyu. Wanda kuwa ya ce wannan ne dalilin da ya sa manomin gero ba ya wasa da makonnin farko na damina, kuma shi ne ya sa masu noman albasa da tumatir a fadamun Rima suke dogara da ban-ruwa a rani, to shi ne ya kai na uku. Mafi yawan tambayoyin da muke rubutawa a allo ba sa wuce mataki na farko, kuma yara ba za su koyi abin da ba a taɓa tambayarsu ba.

Ta yaya zan gabatar da abu mai canzawa ga yaron da bai taɓa jin labarinsa ba?

Kada a fara da haruffan x da y. A fara da tambayar yara su lissafo abubuwan da suke ƙaruwa ko raguwa a rayuwarsu waɗanda kuma za a iya aunawa ko ƙirgawa: zafin rana, farashin buhun albasa, zurfin ruwa a rijiya, tsawon ƙanensu, cajin batirin waya, yawan fasinjan da ke tasha ranar kasuwar Achida. Daga nan sai a nemi su haɗa su biyu-biyu, su faɗi wanne ne idan ya motsa ɗayan yake motsawa. Yaron da ya ce idan albasa ta yi yawa a kasuwa bayan an kwashe ta rani farashi yakan faɗi, idan ta yi ƙaranci bayan wasu watanni sai ya tashi, ya riga ya bayyana alaƙa tsakanin abubuwa biyu masu canzawa, kuma haruffan da za a kawo daga baya gajerun sunaye ne kawai na abin da ya riga ya fahimta.

Abin da ya kamata malami ya nace a kai shi ne a ambaci abin da ake aunawa daidai. Albasa ba abu mai canzawa ba ce. Yawan buhunanta ko farashinta su ne masu canzawa. Wannan gyara yana da ƙanƙanta a ido, amma ɗalibin da ya saba da shi ba zai rubuta «ruwa» kawai a gefen giraf ba tare da ya ce zurfinsa ake nufi ko yawansa ko zafinsa ba.

Wanne ake sa wa a layin kwance, wanne kuma a layin tsaye?

Al'adar da aka saba ita ce a sa abin da muke zaɓa ko muke sarrafawa a layin kwance, a sa wanda yake amsawa a layin tsaye. Idan muna ƙara nauyi a kan sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen nan mai miƙewa idan an ja shi, muna duba yadda yake miƙewa, nauyin yana kwance, miƙewar tana tsaye. Lokaci kusan kullum a kwance yake zama, domin ba mu da iko a kansa kuma sauran abubuwa ne suke canzawa yayin da yake wucewa. Tsarin bayyana wuri da lambobi biyu ana jingina shi ne ga masanin Faransa René Descartes, wanda ya wallafa aikinsa a kan haka a 1637. Sai dai a jarrabawa, idan tambaya ta faɗi abin da za a sa a kowane layi, umarnin tambayar ake bi ko da ya saɓa wa al'adar.

Me ya sa ɗalibaina suke ɗaukar giraf tamkar hoton wani wuri?

Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowanne yaɗuwa, kuma ba alamar rashin basira ba ne, domin duk zanen da yaro ya taɓa gani kafin nan, daga taswira zuwa hoton littafi, yana nuna siffar abu ne yadda yake. A zana masa giraf na nisa daga gida a layin tsaye da lokaci a layin kwance, layin ya hau, ya miƙe a kwance na ɗan lokaci, sannan ya sauko, sai ya ce mutumin ya hau tudu, ya yi tafiya a samansa, ya gangaro. Alhali abin da zanen ya faɗa shi ne mutumin ya yi nisa da gida, ya tsaya wuri ɗaya, sannan ya komo.

Maganin da na fi amincewa da shi shi ne a riƙa tafiya tsakanin labari da zane ta fuskoki biyu, kuma ba tare da lambobi ba da farko. Malami ya ba da labari: wata yarinya ta fito daga gidansu a Mabera za ta makaranta, ta yi rabin hanya sai ta tuna ta bar littafinta, ta koma da gudu, ta ɗan jima tana nema, sannan ta hau kabu-kabu domin kada ta makara. Kowane ɗalibi ya zana yadda nisanta daga gida yake canzawa. Sai a ɗauko zane uku ko huɗu da suka bambanta a kwafa a allo, a bar ajin su yi muhawara a kan wanda ya dace da labarin. A nan ne za su gano da kansu cewa komawar da ta yi da gudu dole ta fi fitowarta tsananin gangara, cewa neman littafin layi ne kwance a kan sifili, kuma cewa layin ba zai taɓa komawa hagu ba domin lokaci ba ya komawa baya. Kashegari sai a juya aikin: a ba su zane, su ƙirƙiro labarin da ya dace da shi.

Idan akwai fili a gaban ajin, a sa ɗalibi ɗaya ya taka zanen da ƙafarsa, bango ya zama gida, sauran kuma suna gyara masa. Wanda ya taɓa tsayawa cik domin ya nuna layin kwance da wuya ya sake cewa layin kwance yana nufin tafiya a shimfiɗaɗɗiyar hanya.

Makarantarmu ba ta da ɗakin gwaji. Da me za mu samo bayanan da za mu zana?

Ayyuka biyu sun isa su ɗauki makonni ana cin moriyarsu, kuma babu wanda yake buƙatar fiye da kara da rula da kofi.

Na farko shi ne auna inuwa. A kafa kara mai tsawon mita ɗaya a tsaye cak a wuri shafaffe, a riƙa auna tsawon inuwarsa kowane rabin awa tun daga ƙarfe tara na safe, ana rubutawa a jadawali, rukuni-rukuni suna karɓa-karɓa domin kada sauran darussa su tsaya. Idan aka zana, layin zai sauko da sauri da safe, ya lanƙwasa a hankali kusa da tsakar rana, sannan ya sake hawa. Wurin da ya fi ƙasa shi ne lokacin zawali, wanda kowane yaro a garin nan ya san da shi ne lokacin Azahar yake shiga. Yawancin ɗalibai za su yi tsammanin su same shi a ƙarfe 12 daidai, amma a Sakkwato yana faɗawa ne tsakanin kusan 12:20 da 12:55 gwargwadon watan da ake ciki, domin agogon Nijeriya an saita shi ne a kan layin digiri 15 gabas, Sakkwato kuwa tana kusa da digiri 5, kuma kowane digiri ɗaya zuwa yamma yana jinkirta rana da minti huɗu. A makarantar kwana, inda za a iya ci gaba da awon har yamma, ɗalibai za su iya karanto farkon lokacin La'asar daga zanen nasu: a mazhabar Malikiyya yana shiga ne idan inuwa ta ƙaru da tsawon abin a kan inuwar zawali, saboda haka sai a ƙara santimita 100 a kan mafi gajartar inuwa, a ja layi kwance daga nan har ya taɓa zanen, a sauko a karanta lokacin. Idan aka maimaita aikin a wani zango, sabuwar tambaya za ta taso da kanta, domin a Disamba inuwar zawali takan haura santimita 70, amma a ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, lokacin da rana take bi ta saman kai a wannan yanki, kusan ɓacewa take yi.

Na biyu shi ne cika mazubi. A samo gwangwani mai miƙaƙƙen jiki da bokiti da ƙaramar randa ko tulu. A riƙa zuba ruwa kofi-kofi, bayan kowane kofi a tsoma busasshen kara a auna inda ya jiƙe. Kafin a zuba ko ɗigo ɗaya, kowane ɗalibi ya zana abin da yake tsammani, domin hasashen nan shi ne rabin darasin. Gwangwani zai ba da miƙaƙƙen layi. Bokiti, da yake yana buɗewa zuwa sama, zai ba da layin da hawansa yake raguwa a hankali. Randa kuwa za ta ba da layin da ya hau da sauri a gindi, ya yi sanyi a wajen ciki inda ta fi faɗi, ya sake zabura a wajen wuya. Da yawa za su zana siffar randar kanta a hasashensu, kuma ganin yadda awon ya ƙaryata su ya fi duk wani bayanin malami tasiri, domin gani ya kori ji.

Me ya sa zaɓen sikeli, wato adadin da kowane gida na takardar giraf zai wakilta, yake ba su wahala haka?

Saboda sau da yawa mu ne muke zaɓa musu. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗalibi ya kwashe lambobin jadawali yadda suke, a ce 2 da 5 da 6 da 11, ya jera su a layi da tazara iri ɗaya, sai kowane irin bayani ya fito masa miƙaƙƙe. Ya kamata ya gane cewa kowane layi a cikin biyun nan, na kwance da na tsaye, rula ne, kuma ba a taɓa ganin rular da tazarar 2 zuwa 5 ta yi daidai da ta 5 zuwa 6 ba. Hanyar zaɓe kuwa ba ta da wuya: a dubi lamba mafi girma, a ƙirga manyan gidajen da ke takardar, a nemi abin da gida ɗaya zai wakilta. A zaɓi 1 ko 2 ko 5 ko 10 da danginsu, a guji 3 da 7, domin raba ƙananan gidaje goma a kansu yana haifar da kuskure wajen sa ɗigo. A kuma rubuta sunan abin da aka auna da ma'auninsa a kowane layi, ko santimita ne ko sakan ko naira.

Yaya zan koyar da gangaren layi ba tare da ya zama haddar ƙa'ida kawai ba?

Gangaren layi yana amsa tambaya ɗaya ce: idan abin da ke kwance ya ƙaru da ɗaya, da nawa abin da ke tsaye yake ƙaruwa ko raguwa? A ce kuɗin kabu-kabu zuwa kasuwa da dawowa naira 600 ne, mudun gero kuma naira 1,000 (misali ne kawai, malami ya sa farashin ranar da yake koyarwa). Wanda ya sayo mudu ɗaya ya kashe 1,600, mai biyu 2,600, mai biyar 5,600. Idan aka zana, layin miƙaƙƙe ne, gangarensa shi ne kuɗin mudu ɗaya, inda ya yanki layin tsaye kuwa, wato 600, shi ne abin da mutum zai kashe ko da ya je ya dawo hannu wofi. Sai a tambaye su: idan gero ya yi tsada, me zai faru da layin? Idan kuɗin abin hawa ne ya tashi fa? A na farko layin zai ƙara miƙewa sama daga wuri ɗaya, a na biyu kuwa zai ɗaga gaba ɗayansa ba tare da karkatarsa ta canza ba. Ɗalibin da ya amsa waɗannan biyun ya fahimci abin da m da c suke nufi a cikin y = mx + c tun kafin a rubuta masa su.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a tono shi da gangan, wato ɗaukar tsawo a matsayin sauri. A zana girman shuka biyu a giraf ɗaya, ɗaya doguwa wadda ta kusa daina girma, ɗaya gajeriya wadda take tashi da ƙarfi, a tambayi wadda ta fi saurin girma a mako na huɗu. Da yawa za su nuna layin da yake sama. Sai an maimaita irin wannan tambaya a lokuta daban-daban kafin ido ya saba da bambanta inda layi yake da yadda yake tafiya.

Shin duk alaƙa miƙaƙƙen layi take bayarwa?

A'a, kuma yana da kyau yara su haɗu da lanƙwasasshen layi da wuri, kafin su ɗauka cewa duk wanda bai miƙe ba kuskure ne. Idan noman wata gona yana ɗaukar mutum ɗaya kwana 12, mutum biyu za su gama a 6, uku a 4, huɗu a 3, shida a 2. Layin yana faɗuwa da ƙarfi da farko sannan ya lafa, kuma yana nuna abin da mai gona ya sani, cewa ƙarin ɗan ƙwadago na biyu ya rage kwana shida amma na huɗu kwana ɗaya kawai ya rage. A darasin fiziks kuma, dutsen da aka ɗaure a zare mai tsawon santimita 25 yana zuwa ya dawo a kusan sakan ɗaya, amma sai an kai zaren mita ɗaya, wato ninki huɗu, kafin lokacin ya zama sakan biyu. Haka nan zafin Sakkwato a shekara ba hawa ɗaya da sauka ɗaya yake yi ba: yana kai ƙololuwa a Afrilu da Mayu inda yakan wuce digiri 40, ya sauka da damina, ya ɗan sake tashi a Oktoba, sannan hunturu ya sauko da shi.

Yaushe ake haɗa ɗigogi, yaushe kuma ake barin su?

Ana haɗawa ne idan wurin da ke tsakanin ɗigo biyu yana da ma'ana. Tsakanin ƙarfe goma da goma da rabi inuwa tana da tsawo ko da ba mu auna ba, saboda haka layi ya halatta. Tsakanin Wurno da Bodinga a giraf na yawan makarantu kuwa babu wani rabin gari, saboda haka sanduna suka dace. Da'irar da aka yanka kashi-kashi tana amfani ne kawai idan ana nuna yadda abu ɗaya ya rabu, kamar kasafin kuɗin gida. Waɗannan nau'o'i ba su daɗe sosai ba a tarihin ilimi, domin William Playfair, mutumin Sukotlan, shi ne ya yaɗa giraf na layi da na sanduna a 1786, ya kawo na da'ira a 1801.

Idan kuwa bayanan na gwaji ne, ko na mutane daban-daban kamar tsawon ɗalibai da tsawon tafin ƙafarsu, ɗigogin za su warwatsu, kuma bin su ɗaya bayan ɗaya da fensir kuskure ne. Ana jan layi ɗaya ne ta tsakiyarsu, wanda ya bar kusan adadi ɗaya a samansa da ƙasansa. Ɗigon da ya yi nisa da 'yan'uwansa ba a goge shi a ɓoye. Ana kewaye shi a sake awon, domin ko dai an yi kuskure ko kuma akwai abin da ya kamata a bincika.

Idan abubuwa biyu suna tashi tare, ba yana nufin ɗaya ne yake jawo ɗayan ba?

Ba dole ba ne, kuma a ganina wannan shi ne darasi mafi daraja a dukkan babin, domin shi ne zai bi ɗalibi har bayan ya bar makaranta. A watannin bazara cinikin ƙanƙara da ruwan sanyi yana ƙaruwa a Sakkwato, kuma a cikin wannan lokaci na rani ne cutar sanƙarau ta fi bayyana a yankinmu. Wanda ya zana su tare zai ga layi biyu suna hawa kafaɗa da kafaɗa, amma ƙanƙara ba ta kawo sanƙarau. Ƙwayoyin cuta ne suke kawo shi, suna yaɗuwa ta numfashi, kuma bushewar iska da ƙura da cunkoso a ɗaki suna taimaka musu. Yanayin ne abu na uku da yake tura duka biyun. Haka ma a makarantar firamare, yaran da suka fi girman takalmi sun fi iya karatu, saboda sun fi shekaru.

A koya wa ɗalibai su yi tambayoyi uku duk lokacin da suka ga irin wannan: ko akwai abu na uku da yake motsa su duka, ko na biyun ne yake jawo na farkon, ko kuwa bayanan sun yi kaɗan har dace kawai aka yi. Sannan a nuna musu bambancin gwajin sifirin, inda mu muka canza nauyi da hannunmu muka bar komai yadda yake, da bayanan da aka tattaro daga rayuwa inda abubuwa da yawa suke canzawa lokaci guda.

Za a iya yaudarar mutum da giraf ko da lambobin gaskiya ne?

Ƙwarai kuwa. A ce aji ɗaya mutum 48 suka ci jarrabawa, ɗayan kuma 52. Idan layin tsaye ya fara daga sifili, sandunan kusan kai ɗaya suke. Idan aka fara shi daga 46, sanda ɗaya za ta ninka ɗayar sau uku. A sa ɗalibai su zana duka biyun da hannunsu, daga nan za su riƙa duba inda layi ya fara a duk zanen da aka turo musu ta WhatsApp ko Facebook kan farashin dala ko sakamakon zaɓe, su kuma tambayi wanda ya tattara bayanan da shekarun da aka zaɓa aka nuna.

Ya halatta in yi bayanin da Hausa alhali jarrabawar da Turanci ake yi?

Ra'ayina shi ne ya halatta, har ma ya kamata. Idan yarinya ta ce «da farko yana tashi da sauri, daga baya sai ya riƙa tashi a hankali har ya tsaya», ta nuna fahimtar da babu shakka a kanta, kuma sanya mata kalmomin jarrabawa a kan wannan fahimta aiki ne mai sauƙi. Wadda ta haddace kalmomin ba tare da fahimtar ba kuwa, da zarar an sauya fasalin tambaya sai ta rasa madafa. Abin da ya dace shi ne a tattauna da harshen da yara suke tunani da shi, sannan kowane ɗalibi ya rubuta jimlar ƙarshe da Turanci a ƙasan zanensa, a kuma ware gefen allo ga kalmomin da za su haɗu da su a takardar jarrabawa.

Duk wannan ba zai cinye lokacin shirin WAEC da NECO ba?

Shi ne shirin. A jarrabawar aikin hannu ta fiziks ana ba da maki ne a kan rubuta sunayen layuka da ma'auninsu, da zaɓen sikelin da zai sa ɗigogi su cika babban ɓangaren takardar, da sa ɗigo daidai, da layin da ya fi dacewa, da fitar da gangare ta amfani da babban alwatika. A lissafi akwai zana lanƙwasasshen layi a karanto inda ya yanki layin kwance, da giraf na tarin adadi wanda ake ciro tsaka-tsaki daga gare shi. A labarin ƙasa da tattalin arziki da nazarin halittu ma ana kawo zane a ce a yi bayani. Babi ɗaya ne yake biyan bukatar darussa biyar, shi ya sa yake da kyau malaman waɗannan fannoni a makaranta ɗaya su zauna su daidaita kalmomin da suke amfani da su da kuma zangon da kowa zai taɓo shi.

Waya da kwamfuta fa, suna taimakawa ko suna lalata hannun yara?

Suna taimakawa idan sun zo bayan fensir. Manhajar GeoGebra kyauta ce, kuma malami zai iya nuna wa rukuni da waya ɗaya yadda layi yake juyawa idan aka canza lamba ɗaya, abin da zai ci rabin awa a allo. Amma ita take zaɓen sikeli da kanta, a ɗakin jarrabawa kuwa babu mai zaɓa wa ɗalibi.

Ajina ya cika maƙil. Ta yaya zan san wanda ya gane?

Duba littafin kowa kullum ba zai yiwu ba, amma akwai hanyar da ba ta wuce minti biyar. A zana giraf huɗu marasa lambobi a allo, a sa musu lamba ɗaya zuwa huɗu, a karanta jimla ɗaya, kamar «ruwan tanki yana raguwa daidai wa daida har ya ƙare», sai kowa ya ɗaga yatsu gwargwadon zanen da ya zaɓa, a lokaci ɗaya domin kada a kwaikwayi na gaba. Da kallo ɗaya malami zai ga ko ajin ya rabu. Idan ya rabu, kada a yi gaggawar faɗin amsa. A kira ɗaya daga kowane ɓangare ya kare zaɓinsa, a kuma tabbata ana kiran 'yan mata da na kujerun baya, ba masu saurin ɗaga hannu kaɗai ba. A cikin zanen huɗun a riƙa sa wanda ya yi kama da hoton labarin, domin shi ne yake fito da masu wancan kuskuren.

Ni uwa ce, ban yi zurfi a lissafi ba. Akwai abin da zan iya yi a gida?

Akwai, Hajiya, kuma wataƙila kayan aikin yana cikin jakarki. Katin awon jarirai da ake bayarwa a asibiti giraf ne cikakke: watannin yaro suna kwance, nauyinsa yana tsaye, kuma ma'aikaciyar lafiya tana duba ko layinsa yana hawa tare da layukan da aka buga a katin, ko ya kwanta, ko ya fara sauka. Ki ba yayansa ko yayarsa katin, ki ce su nuna miki watan da ƙanensu ya fi ƙara nauyi da watan da bai ƙara ba, sannan ku tuna tare ko a lokacin ne ya yi zazzaɓi ko gudawa ko aka yaye shi. Za kuma ki iya sa su riƙa rubuta farashin mudun shinkafa ko na wake duk ranar da aka yi cefane, bayan wata biyu ko uku su zana shi a takarda, su gaya miki makon da ya fi tashi da abin da suke ganin ya jawo hakan.